Elton Mayo, Malamin Da Ya Binciki Halin Ma'aikata

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fadamar Haɗejiya lokacin yankan shinkafa ya ga wani abu da ya isa a yi tunani a kansa. Ga mutum goma an kira su gayya, ga makaɗi, ga fura a inuwa, kafin la'asar sun share gonar da mai ita ya yi zaton za ta kai su kwana biyu. Kashegari kuwa in an rarraba mutanen nan, kowa a gona dabam, aka ce za a biya shi ladan yini, sai a ga aikin yana jan jiki. Lauje dai shi ne na jiya, ƙarfin damtse kuma bai ragu ba. To, me ya sake? Manomanmu sun san amsar a zuci, ko da ya ke ba su rubuta ta ba. Amma a Turai da Amurka, inda a ke tara dubban mutane cikin ma'aikata guda, tambayar nan ta zama ilmi mai zaman kansa, watau ilmin halin ɗan Adam a wurin aiki. Yau za mu ba masu karatu labarin ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna a ilmin nan, shi ne Elton Mayo. Mun zaɓe shi domin abin da ya gano yana da amfani, kurakuran da aka kama a hanyar bincikensa kuma su ma darasi ne babba ga duk wanda a ke damƙa wa jama'a.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi George Elton Mayo ran 26 ga watan Disamba, 1880, a birnin Adelaide ta ƙasar Ostareliya. Gidansu gidan ilmi ne. Kakansa likita ne sananne a garin, ubansa injiniya, yayarsa Helen ta zama likita, ƙanensa Herbert kuma ya zama babban alƙali. Saboda haka iyayensa suka so shi ma ya gaji kakansa. Ya fara karatun likita a Jami'ar Adelaide, bai kai ga gamawa ba. Aka tura shi Edinburgh, sa'an nan Landan, duk dai abin ya ƙi. Ga shi yaro mai kaifin hankali da iya magana, amma zuciyarsa ba ta wajen aikin likita.

Cikin 1903 ya zo Afirka ta Yamma neman abin yi. Wannan ita ce shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, shekara uku kafin yaƙin Haɗejiya na 1906 inda Sarki Muhammadu ya rasu. Bai daɗe ba ya koma Landan, ya riƙa rubuce-rubuce a jaridu, yana kuma koya wa ma'aikata Turanci a wata makarantar manya da a ke buɗewa bayan an tashi daga aiki. Nan ya fara zama da masu aikin hannu yana jin abin da ke damunsu. Shi kansa a lokacin yana cikin kaɗaici da kunyar kasa yin abin da iyaye suka so, mai yiwuwa kuwa wannan ne ya sa har ƙarshen ransa ya ke jin tausayin mutumin da ba shi da abokin shawara.

Ya koma gida cikin 1905, ya shiga haɗin gwiwa a wata maɗaba'a. Cikin 1907 ya sake komawa jami'a, yana da shekara 26, ya ɗauki falsafa da ilmin halin ɗan Adam a hannun wani shehun malami, William Mitchell. A nan ne ya sami abin da ya dace da shi, ya gama da sakamako mai kyau. Mu da mu ke aikin koyar da malamai ya kamata mu lura da wannan, gama yaron da ya fāɗi sau uku a fanni guda ba lalle ne ya zama daƙiƙi ba. Sau da yawa wurin da aka ajiye shi ne bai dace da shi ba.

MALANTA DA JINYAR SOJA

Cikin 1911 aka ɗauke shi malami a sabuwar Jami'ar Queensland da ke birnin Brisbane, cikin 1919 kuma ya zama shehun malamin falsafa na farko a can. Ya auri Dorothea McConnel cikin 1913, suka haifi 'ya'ya mata biyu.

Abu biyu suka gyara tunaninsa a shekarun nan. Na farko shi ne sojan da suka komo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da firgita. Waɗansu ba rauni a jikinsu, amma ba su iya barci, waɗansu jikinsu na rawa, waɗansu sun daina magana. Mayo ya haɗa kai da wani likita na garin suna jinyarsu, yana bin hanyoyin da ya karanta a littattafan Pierre Janet na Faransa da Sigmund Freud. Babban maganin shi ne a zauna da mutum a bar shi ya faɗi abin da ke ransa, ba tsawa, ba gardama. Na biyu kuwa shi ne yawan yajin aiki da rigima tsakanin ma'aikata da masu kamfani a Ostareliya. Mayo ya haɗa abu biyun nan, ya ɗauka cewa yawancin fushin ma'aikata irin ciwon sojan nan ne, watau damuwa ce da ta rasa mai saurare. Wannan ra'ayi shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa, kamar yadda za mu gani a gaba.

YADDA ILMIN YA KE KAFIN ZUWANSA

Kafin Mayo, masu binciken aiki sun fi mai da hankali ga jiki da agogo. Wani injiniya Ba'amurke, Frederick Taylor, ya fito da littafi cikin 1911 inda ya koyar da cewa a auna kowane motsi na lebura da agogo, a zaɓi hanya mafi sauri, a biya kowa gwargwadon abin da ya yi. Wani Bajamushe kuma, Hugo Münsterberg, malami a Jami'ar Harvard, ya fito da nasa cikin 1913, ya shirya jarrabawar zaɓen direbobin motocin lantarki na birnin Boston. A Ingila, lokacin yaƙi, gwamnati ta kafa kwamiti cikin 1915 don ya duba lafiyar masu ƙera harsashi, aka tarar cewa tsawaita sa'o'in aiki ba ya ƙara yawan abin da a ke samu, sau da yawa ma rage shi ya ke yi. Watau dai an san zancen zaɓen ma'aikaci, da gajiya, da lada. Abin da ba a duba sosai ba shi ne zaman ma'aikaci da 'yan'uwansa.

MASAƘAR FILADELFIYA

Mayo ya tafi Amurka cikin 1922, ba kuɗi mai yawa a hannunsa, ba kuma tabbataccen aiki. Iya maganarsa ta sa ya sami shiga wajen manyan mutane, har gidan Rockefeller suka ɗauki nauyinsa, ya zauna a Jami'ar Pennsylvania. Cikin 1923 aka kira shi wata masaƙa a birnin Filadelfiya. A sauran sassan masaƙar, mutum biyar ko shida cikin ɗari ke barin aiki a shekara. Amma a sashen kaɗi sai an ɗauki wajen mutum 250 a shekara kafin a riƙe gurbin mutum 100. An gwada ƙarin lada ga wanda ya yi ƙoƙari, bai yi magani ba.

Mayo ya shiga ya duba. Ya tarar kowane mutum yana kai da kawowa tsakanin dogayen injuna yini zubur yana ƙulla zaren da ya tsinke, ga ƙara, ga nisa tsakaninsa da na kusa da shi, ba halin ko gaisuwa. Ya sa wata ma'aikaciyar jinya ta zauna a wurin, duk wanda ya zo da ciwon ƙafa ta saurari sauran abin da ke ransa. Sai ya ga mutanen nan sun cika da saƙe-saƙe na baƙin ciki. Ya ba da shawara a riƙa ba su hutu na minti goma, sau biyu da safe, sau biyu da yamma, su kwanta su miƙe ƙafa. Aiki ya ƙaru, har suka fara samun ladan ƙoƙarin da da ba su taɓa samu ba. Da aiki ya yi yawa helmomi suka soke hutun, sai abin ya koma baya. Shugaban kamfanin ya sa aka mai da shi, daga baya ma aka bar mutanen su shirya wa kansu wanda zai huta da wanda zai kula da injinsa. Cikin shekara guda barin aiki ya sauko daidai da na sauran sassa.

Da farko Mayo ya ce hutun ne ya yi magani. Bayan shekaru ya sake tunani, ya ce shirya hutun ya tilasta wa mutanen yin magana da juna, har waɗanda da su ke zaman 'yan marina suka zama ƙungiya. Mai karatu ya lura cewa an sake abubuwa da yawa lokaci guda, ga hutu, ga mai saurare, ga kulawar shugaba, saboda haka ba wanda zai iya rantsuwa a kan wanne ne ya yi aikin.

MA'AIKATAR HAWTHORNE

Cikin 1926 Jami'ar Harvard ta ɗauke shi a makarantarta ta koyon sha'anin ciniki. Daga nan ne sunansa ya haɗu da binciken da ya fi kowane suna a ilmin nan. Kamfanin Western Electric yana da wata babbar ma'aikata da a ke kira Hawthorne a gefen birnin Shikago, inda dubban mutane ke ƙera kayan wayar tarho. Binciken da aka yi a can kashi huɗu ne, kowane kashi kuma da hanyarsa.

Kashi na farko, daga 1924 zuwa 1927, an yi shi tun Mayo bai zo ba. An so a san ko ƙarin hasken fitila yana ƙara aiki. Aka ware rukuni biyu, aka riƙa sake hasken ɗaya, aka bar ɗayan yadda ya ke don a gwada da shi. Labarin da aka bayar shi ne aiki ya ƙaru a duka biyun, har ma da aka rage hasken bai fāɗi ba sai da ya kai ba a gani sosai. Injiniyoyi suka rasa bayani.

Kashi na biyu ya fara cikin Afrilu 1927. Aka ware mata biyar a ɗaki dabam, da ta shida mai kawo musu kaya. Aikinsu harhaɗa wata 'yar na'ura mai ƙananan ƙarafa fiye da talatin, kowace tana cin wajen minti guda. Aka sa abin ƙirga da ke rubuta kowace na'ura da aka gama. Aka ajiye mai lura a ɗakin maimakon helma, yana rubuta zafin ɗaki, da barcin da suka yi, da hirarsu, likita kuma yana duba su lokaci lokaci. Sa'an nan aka riƙa sake sharuɗɗa: hutu gajere, hutu dogo, abinci da hantsi, tashi da wuri, hutun Asabar. Kafin kowane canji a kan yi shawara da su. Aiki ya riƙa hawa, daga wajen na'ura 2,400 a mako ga kowace mace har ya kai wajen 3,000. Cikin 1928 aka janye hutun da abincin duka na mako goma sha biyu, amma jimlar aikin mako ba ta fāɗi ba. Mayo ya fara ziyartar wurin cikin Afrilu 1928. Bayanin da ya bayar shi ne matan nan sun zama ƙungiya mai son juna, an ɗauke musu tsoron helma, an kuma nuna musu ra'ayinsu yana da daraja.

Kashi na uku shi ne ganawa da ma'aikata ɗaya ɗaya, daga 1928 zuwa 1930, aka gana da mutum fiye da 21,000. Da fari a kan yi musu tambayoyi da aka shirya, sai aka ga mutum yana amsawa a gurguje ya koma kan abin da ya dame shi. Cikin 1929, bisa shawarar Mayo, aka sake hanya. Aka koya wa masu ganawa su yi shiru su saurara, kada su yi gardama, kada su ba da shawara, su lura da abin da mutum ya faɗa da abin da ya ke kewayewa, su kuma riƙe asiri. Ganawar da ta kan ɗauki rabin sa'a ta koma sa'a ɗaya da rabi. Aka gane cewa kukan da mutum ya kawo a baki ba kullum ne shi ne ainihin ciwon ba. Mai ƙarar hayaniyar ɗaki wani lokaci rashin lafiyar iyalinsa ce ta hana shi sukuni. Wannan ita ce hanyar da Mayo ya yi jinyar soja da ita, ya kawo ta ma'aikata.

Kashi na huɗu, daga Nuwamba 1931 zuwa Mayu 1932, an bi shawarar Lloyd Warner, masanin al'adun jama'a, wanda ya zauna da mutanen asali na Ostareliya. Aka sa maza 14 masu haɗa waya da liƙi da dalma a ɗaki guda, ba a sake musu kome ba, mai lura ya zauna a gefe har suka saba da shi. Abin da ya gani ya saɓa wa na ɗakin mata. Kamfani yana son a haɗa waya fiye da 7,000 a yini, ana kuma biya bisa yawan aiki, amma mutanen sun yanka wa kansu wajen 6,000 zuwa 6,600. Wanda ya zarce a yi masa ba'a ko a doke shi a damtse, wanda ya gaza ƙwarai a ce yana cin gumin wasu, wanda ya kai tsegumi wurin manya kuwa a ƙaurace masa. Tsoronsu shi ne in sun nuna iyakar ƙarfinsu za a ɗaga ma'auni ko a sallami waɗansu. Ashe ƙungiya tana iya ɗaga aiki, tana kuma iya danne shi.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Ya kamata a sani Mayo ba shi ne ya shirya gwaje-gwajen nan ba, ba kuma shi ya zauna yana ƙirga ba. Ma'aikatan kamfanin ne suka yi, cikakken rahoton kuwa almajirinsa Fritz Roethlisberger da William Dickson na kamfanin suka buga shi cikin 1939. Aikin Mayo shi ne ba da ma'ana da yaɗa labari. Ya fito da littafi cikin 1933, da wani cikin 1945, inda ya yi bayanin cewa zamanin injuna ya raba mutum da dangi da unguwa da sana'ar gado, ya bar shi shi kaɗai, saboda haka wajibi ne shugaban aiki ya koyi haɗa kan mutane kamar yadda ya koyi sarrafa inji. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya binciki fashin aiki a ma'aikatun jiragen sama na Kalifoniya, ya ga inda ma'aikata suka zama ƙungiya fashi ya fi ƙaranci.

Ya bar aiki cikin 1947 ya koma Ingila da zama. Ba da daɗewa ba ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a garin Guildford cikin Satumba 1949, yana da shekara 68. Ita ma'aikatar Hawthorne an rufe ta cikin 1983.

ABIN DA NA BAYA SUKA GANO

Ilmi ba ya jin kunyar mai suna. Tun Mayo yana da rai waɗansu suka zarge shi da cewa yana koya wa masu kamfani lallashin ma'aikata ne don a ƙara tatsarsu, bai kuma ba ƙungiyoyin ƙwadago da zancen albashi matsayinsu ba. Wannan zargi yana da tushe, gama mutumin da ladansa bai isa ciyar da gida ba, kukansa gaskiya ne, saurare kaɗai ba ya share masa hawaye.

Sa'an nan aka koma kan takardun binciken. Cikin 1967 wani ɗan ƙasarsu, Alex Carey, ya nuna abubuwan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Na ɗaya, tun da wuri an sake hanyar biyan matan nan: da a kan lissafta ladansu tare da mutum wajen ɗari, sai aka koma lissafta na su biyar kaɗai, watau ƙoƙarin kowace ya fi bayyana a aljihunta. Da aka gwada wannan canjin shi kaɗai a kan waɗansu mata biyar, aikinsu ya ƙaru da wajen 12 cikin 100. Na biyu, a farkon 1928 an fitar da biyu daga cikin biyar ɗin saboda yawan hira da rashin ba da haɗin kai, aka kawo waɗansu biyu masu sauri, ɗayarsu kuma tana da nauyin gida a kanta, ita ce ta riƙa zuga sauran. Na uku, lokacin da aka janye hutu, aikin kowace sa'a ya ragu, sa'o'in ne suka ƙaru shi ya sa jimlar mako ta yi yawa. Na huɗu, mutum biyar sun yi kaɗan a kafa hukunci a kansu, ba a kuma ajiye wani rukuni na gwadawa ba. Cikin 1978 Richard Franke da James Kaul suka sake lissafin da hanyoyin ƙididdiga, suka ce horon da aka yi na fitar da mata biyun, da tsoron rasa aiki bayan karayar ciniki ta 1929, da hutu, su ne suka fi bayyana ƙaruwar.

Ko labarin fitila bai tsira ba. Waɗansu masana biyu na Jami'ar Shikago, Steven Levitt da John List, suka gano tsofaffin takardun da a ke zaton sun ɓace, suka buga sakamako cikin 2011. Sun tarar ran Lahadi a ke sake fitilu, lokacin da ba kowa, sai a ga aiki ya tashi ran Litinin. Amma da suka duba makonnin da ba a taɓa fitila ba, sai suka ga nan ma aiki ya kan tashi ran Litinin. Duk da haka sunan Hawthorne ya zauna a bakin masana, suna kiran canjin halin da mutum kan yi don ya san ana kallonsa da sunan wannan ma'aikata.

Ilmin ya ci gaba bayan Mayo. Masanansa suna binciken yadda za a zaɓi ma'aikaci, da koyar da shi, da auna aikinsa bisa adalci, da abin da ke sa shi himma ko barin aiki, da halin shugabanni, da gajiya da haɗari. Hanyoyin kuwa su ne waɗanda aka gwada a Hawthorne, aka gyara su: gwaji mai rukuni biyu da a ke raba mutane da ƙuri'a, takardar tambayoyi ga mutane masu yawa, ganawa, zama a lura, duba littattafan ofis, da tara sakamakon bincike da yawa a auna su tare.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Mu komo gida. Mu masu zagayen makarantu mun san ranar da aka ji za mu zo a kan share fili, a cika rajista, malami ya koyar kamar ba gobe. In muka rubuta rahoto a kan wannan rana kaɗai, mun auna zuwanmu ne, aikin malamin yana nan ba mu gan shi ba. Sai mun yawaita zuwa har an saba da mu, mun duba littattafan yara na watannin baya, sa'an nan mun zauna da malamin mun yi shiru. Malamin da aka kai ƙauye mai nisa a ƙasar Guri ko Kiri Kasamma, inda ruwa kan yanke hanya da damina, in ya yi ta roƙon a sake masa wuri yana cewa allo ya lalace, mai yiwuwa kaɗaici ne ke cinsa kamar masu kaɗin Filadelfiya. Mai yiwuwa kuma albashinsa ne ba ya zuwa a kan kari. Wajibinmu ne mu bincika duka biyun, kada mu zaɓi wanda ya fi mana sauƙi.

Haka kuma mai gonar da ya ke so ya san ko jinga ta fi ladan yini. In bana ya ba da jinga, ya ƙara abinci, ya sake helma, ya ga shinkafa ta yi yawa, bai san kome ba tukuna. Ga shi kuma ambaliyar kogin Haɗejiya ba ta zuwa daidai kowace shekara, balle tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974 da ta Challawa cikin 1992. Sai ya raba gona biyu masu ƙasa iri ɗaya a shekara guda, ya sake abu ɗaya tak, ya auna yawan aiki, ya kuma duba kyansa, domin kowa ya san gayya tana da sauri amma ta kan bar zangarniya a ƙasa. Masu jan taru da masu taruwa don share kacala daga hanyoyin ruwa su ma suna da ma'aunin da suka yanka wa kansu, wanda ba a rubuce ya ke ba. Shugaban da bai san wannan ma'auni ba, umurninsa a bakin ruwa zai tsaya.

Elton Mayo ya bar mana kunne, waɗanda suka binciki aikinsa kuma suka bar mana ma'auni. Wanda ya riƙe kunne kaɗai zai gaskata duk labarin da ya yi masa daɗi, kamar yadda shi Mayo ya yi da matan nan biyar. Wanda ya riƙe ma'auni kaɗai kuwa zai san buhu nawa aka samu, amma ba zai san dalilin da ya sa leburorinsa suka watse kafin kaka ta gaba ba. Muna roƙon hakimai, da shugabannin makarantu, da manajoji, da duk mai mutane a ƙarƙashinsa, su haɗa biyun. Allah ya sa mu gane.